Fankar esi: a bar ta a AUTO ko a ƙure ta sama?

Maman Sadiya, Arkilla:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar esi, na'urar sanyaya ɗaki. An kafa wa surukata sabuwa a ɗakinta, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, don zafin bana ya yi mata yawa, ga shekaru ga hawan jini. A jikin rimot akwai maɓallin FAN, kana danna shi yana zagayawa daga ƙasa zuwa tsakiya zuwa sama, sai kuma AUTO. Maigida ya ce a ƙure ta can sama kullum ɗakin ya yi saurin ɗaukar sanyi. Yaron da ya kafa ta ya ce a bar ta a AUTO kada kowa ya taɓa. Ita kuma Inna ta ce in aka ƙure, har cikin ƙashi take jin iskar. Don Allah wanne ne daidai, kuma wanne ya fi shan yunit? Mita gare mu, kati ba ya jimawa.

Alhaji Bello Gawon Nama:
Wa alaikumus salam. Hajiya, maigidanki ad da gaskiya. Ni tun ran da nis sai tawa ban taɓa sauke hwanka daga sama ba. Zahin Sakkwato ba a yi mai lallashi. Lamba 16, hwanka sama, a ruhe ƙohwa.

Murtala Gidan Dare:
Haka nake yi ni ma Alhaji. Wutar da ba ka san lokacin da za ta tafi ba, ai gara ka tara sanyin tun tana nan.

Injiniya Nasiru, Mabera:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Alhaji, ranka ya daɗe, a yi mini afuwa zan saɓa maka kaɗan.

Esi irin ta bango gida biyu ce, na ɗaki da na waje. Kwamfuresa tana waje, ita ke tura gas, ita ke haifar da sanyin, kuma ita ce mai shan wuta. Fankar da ke ɗaki ba ta ƙirƙirar sanyi. Aikinta ta zuƙo iskar ɗakin ta sama, ta bi da ita tsakanin bututan nan masu sanyi, ta huro ta ta ƙasa. Ƙaramin inji ne, wat 20 zuwa 40, ko fankar silin ta fi shi ci. Amma esi mai doki ɗaya da rabi in kwamfuresa ta tashi, wat 1,000 zuwa 1,200 take ja. A awa goma fankar ciki ba za ta kai rabin yunit ba, kwamfuresa kuwa in ba ta huta ba sai ta haura yunit goma. Don haka Hajiya, ba maɓallin FAN ke cinye katinku ba, lambar da aka sa ce.

Lambar nan umarni ce kawai, cewa ki yi ta aiki har ɗakin ya sauko nan. Esi marar inbata, wato wadda kwamfuresarta ba ta iya sassauta gudu, gudu ɗaya gare ta, ko tana kunne ko tana kashe. Sanyin da take hurowa a 16 shi ne dai take hurowa a 25. A watan Afrilu da azahar, waje na 43 ko 44, ɗakin bulo mai rufin kwano ba zai taɓa sauka 16 ba. Sai kwamfuresa ta wuni tana neman abin da ba za ta samu ba, mita na juyawa.

Shi kuwa AUTO na fanka ga yadda yake. In zafin ɗakin ya yi nisa da lambar da kika sa, fanka za ta ƙure da kanta. In ya matso kusa sai ta sassauta. Wato abin da maigida ke so tana yi a farko, abin da Inna ke so tana yi daga baya. Ki sa COOL, lamba 25 ko 26, fanka AUTO.

Maman Sadiya, Arkilla:
Na gode Yaya Nasiru. Amma na taɓa sa AUTO ɗin, sai na ga ba ta bari in canza lamba, kuma iskar ba sanyi sosai.

Injiniya Nasiru, Mabera:
To ba na fanka kika danna ba, na MODE ne. Biyu ne a rimot, suna rikita mutane ƙwarai. Na MODE shi ke zaɓar wa esi aikin da za ta yi gaba ɗaya, ko sanyi ko busar da iska ko fanka zalla, kuma wasu kamfanonin suna kulle lambar a ciki. Danna MODE har ki ga hoton ƙanƙarar nan mai kama da tauraro, sannan ki koma FAN ki danna har AUTO ya fito a gefen hoton fanka.

Alhaji Bello Gawon Nama:
Injiniya, ban ƙi ta taka ba, amma ni jikina nika bi. In nid dawo kasuwa da la'asar, hwalo awa tanderu, in nis sa ta sama nan take nika jin daɗi. In anka rage hwanka ji nikai kamar ba ta aiki.

Injiniya Nasiru, Mabera:
Jikinka bai yi maka ƙarya ba Alhaji. Fanka a sama tana ratsa iska mai yawa ta cikin bututan, ana kwashe zafin ɗakin da sauri, kuma iskar da ke bugun fata tana busar da gumi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, iskarmu a bushe take, ba danshin da za a cire, don haka fanka a sama ba ta da aibu ko kaɗan. Ba ni da matsala da fankarka. Da 16 nake da magana.

Dakta Umar, Amurka:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ina bin maganar daga nesa. Kawu Bello ina gaisuwa. Bari in ƙara wani abu, don na ga wasu sababbin gidaje da ofisoshi a gida sun fara sa irin tsarin da muke da shi a nan.

Mu nan inji ɗaya ne ke hura wa gida duka ta bututan da ke bin cikin silin, da rani sanyi, da hunturu ɗumi. A bango akwai ɗan akwati, tamostat, yana da FAN mai zaɓi biyu: AUTO da ON. Wannan ba maganar gudu ba ce irin ta rimot. AUTO na nufin fanka ba za ta juya ba sai lokacin da ake sanyaya ko ɗumama gidan, in an kai lamba komai ya yi shiru. ON kuwa fanka ba ta tsayawa dare da rana, ko kwamfuresa ta huta.

Masu son ON suna da hujja. Iska na gauraya, ɗakin sama ba ya fin na ƙasa zafi sosai, kuma iskar na bi ta cikin filta koyaushe, mai asma yana samun sauƙi. Amma fankar wannan tsarin babba ce, tsofaffin suna jan wat 400 zuwa 500. A bar ta awa 24 ta sha yunit 10 zuwa 12 a rana ɗaya ba tare da ta sanyaya komai ba. Sababbin injuna masu sassauta gudu ba sa cin haka. Sannan ga danshi: lokacin da kwamfuresa ke aiki ruwa na taruwa a jikin bututan sanyi, in ta tsaya ya kamata ya tsiyaye ya fita waje. In fanka ta ci gaba da hurawa sai ta mai da shi cikin gida. A Texas inda nake danshi ya yi yawa, kowa AUTO yake sawa. Wasu tamostat ɗin suna da na uku, CIRC, mai juya fanka wajen kashi ɗaya cikin uku na lokaci, shi ne tsaka-tsaki.

Abin da ya fi damuna game da Sakkwato shi ne silin. In bututan na bin ƙarƙashin kwano, da rana wurin nan ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Fanka a ON ba kwamfuresa, zafin silin take kwasowa ta zuba muku a ɗaki.

Barista Zainab, Bado:
Dakta ka warware mini wani abu. Ofishinmu irin wannan ne, kuma kullum bayan azahar akwai lokacin da iska mai ɗumi ke fitowa daga sama, mun ɗauka gas ne ya ƙare. Gobe zan duba akwatin bangon.

Alhaji Bello Gawon Nama:
Ina amsawa Umaru. A gai da iyali. Yaushe za a leƙo mu?

Dakta Umar, Amurka:
Za su ji Kawu. Bayan Babbar Sallah in Allah ya yarda.

Malam Sani mai gyaran firij, Sahara:
Ni abin da nika gaya ma mutanena shi na, da dare su sa DRY, mai hoton ɗigon ruwa. Hwanka na tahiya a hankali, kwamfuresa na tashi tana kwantawa, ba ta cin wuta kamar COOL. Tsohuwa awa Inna shi ya hi dacewa da ita, babu iska mai bugu. Har masu ƙaramin janareto ina ce musu su gwada.

Injiniya Nasiru, Mabera:
Malam Sani, kai ne babba a sana'a, amma a nan ban bi ka duka ba. DRY an yi shi ne don cire danshi. Fanka a ƙasa tana sa iska ta daɗe a jikin bututan, ruwan da ke cikinta ya taru ya fita ta tiyo. A watan Agusta, lokacin da zafin bai kai ya kawo ba amma jiki na danƙo, katifa na warin sanyi, babu abin da ya kai shi. Amma yanzu a bazara wane danshi za a cire? Leɓe ma tsagewa yake. Ƙarancin cin wutar da kake gani, ƙarancin sanyi ne. In ɗakin ya riga ya huce da tsakar dare zai iya riƙewa, amma da sallar isha'i, bango na fitar da zafin da ya sha tun safe, DRY ba zai iya ba.

Maganar janareto kuwa ina roƙon a yi hattara. Esi marar inbata duk lokacin da kwamfuresa za ta tashi tana fizgar wuta ninki da yawa na abin da take ci in ta daidaita, ko a COOL ko a DRY duk ɗaya ne. A DRY ma ta fi yawan tashi da kwanciya. Ƙaramin janareto wahala zai sha.

Malam Sani mai gyaran firij, Sahara:
Ta janareto na yarda. Amma ta dare ina nan kan bakata, na ga gidajen da sunka ji daɗinai. Ɗakin ƙasa mai katanga mai kauri ba ɗai yake da na bulo ba.

Injiniya Nasiru, Mabera:
Wannan gaskiya ne, ginin ƙasa daban yake.

Sista Hadiza, Runjin Sambo:
Ni ta ɓangaren lafiya zan shigo, tunda maganar dattijuwa ake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kan zafi cewa a sa esi a 27 a haɗa da fanka, jiki zai ji kamar an rage digiri 4, kuma wuta na raguwa sosai. Ta kuma ce in zafin ɗaki ya haura 40, fanka ita kaɗai ba ta sanyaya jiki, ƙara masa zafi take. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don da yawanmu in babu ƙarfin wutar da zai ɗauki esi sai mu kunna wa tsofaffi fanka mu rufe ƙofa. A irin wannan rana a jiƙa zane ko tawul a shafa musu a jiki, a ba su ruwa akai-akai ko ba su nema ba, don tsoho ba ya saurin jin ƙishi. Mai shan maganin hawan jini kuma ya fi kowa bukatar a sa masa ido, musamman masu sa yawan fitsari.

Maman Sadiya, abin da Inna ke faɗa a saurare shi. Ɗakin da ya yi mata sanyi har ta ce a kashe, an yi asarar esin, don za ta koma cikin zafi ne.

Maman Sadiya, Arkilla:
Wallahi Anti haka take yi, cikin dare sai ta sa jikarta ta kashe, da asuba mu tarar da ɗakin ya ɗau zafi.

Aminu Sola, Gwiwa:
Masu sola ku matso. In esinku mai inbata ce lissafin ya ɗan canza. Kwamfuresarta ba kunnawa da kashewa take ba, sassautawa take. In ɗaki ya kai lamba sai ta koma tana jan wat ɗari uku ko huɗu ta riƙe shi a haka. To in ka sa 16 ka hana ta sassautawa, ka biya kuɗin inbata a banza, batir kuma ba zai kai ka asuba ba. Fanka AUTO ta fi dacewa da ita don ita da kwamfuresa tare suke sauka. Ni nakan ce da rana tsaka, fanel na ba da wuta kyauta, a sanyaya ɗakin sosai a rufe labule, da magariba a ɗaga lamba zuwa 26 ko 27 a kunna fankar silin a ƙasa.

Murtala Gidan Dare:
Ai kusan maganata ce ta ɗazu, a tara sanyi tun da wuta.

Aminu Sola, Gwiwa:
Kusan ita ce Murtala, sai dai ni tawa rana ce ke biya, kai mita ce. Tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225 ga 'yan Band A, rukunin da ya fi samun wuta, ko da aka ɗan rage zuwa wajen 209, yunit goma ya haura naira dubu biyu. Indiya da suke da zafi irin namu, tun 2020 gwamnati ta sa sababbin esi su riƙa fitowa daga kamfani a kan 24, kuma lissafinsu kowane digiri ɗaya da ka ɗaga yana rage wajen kashi 6 cikin ɗari na wuta. Daga 16 zuwa 25 digiri tara ne.

Malam Sani mai gyaran firij, Sahara:
Akwai abin da ba ku taɓo ba, kuma shi ya hi kawo muna aiki. Duw wanda zai bar hwanka ƙasa, tau ya tabbata filta tai a wanke take. Ƙurar garin ga ba ta da sauƙi, balle da hunturu. In filta ta toshe, iska ba ta ratsawa, ga hwanka ƙasa ga lamba 16, sai bututan su yi ƙanƙara. Ƙanƙara ta ƙara toshe hanya, sanyi ya ɗauke, in anka kashe ruwa ya dinga zuba bisa bango. Sai a kira mu a ce a zo a ƙara gas. Gas ba ya ƙarewa haka nan, sai in akwai wurin da shika yoyo. Duw wanda ya ƙara maka gas bai nemi yoyon ya toshe ba, zai sake dawowa.

Hajiya Inno, Kanwuri:
Tunda an ambaci hunturu, Injiniya ɗana, mine amhwanin hoton rana da ke ga rimot? Jikokina sun ce ɗumi shika badawa. Mun gwada bara lokacin ɗari ba mu ji komi ba.

Injiniya Nasiru, Mabera:
Gwaggo ina wuni. Gaskiyar jikokinki ne, HEAT ke nan, esi na juya aikinta ta kwaso ɗumi daga waje ta shigo da shi. Sai dai yawancin waɗanda ake sayarwa a ƙasar nan na sanyi ne zalla, rimot ɗin ne kawai aka yi shi iri ɗaya da na ƙasashen sanyi. In taki mai yi ce, akwai alama: kina sawa fanka ba za ta tashi nan take ba, sai ta jira 'yan mintuna bututan su ɗau ɗumi don kada ta huro miki iska mai sanyi. Mutane kan ɗauka ta lalace su kashe. A nan ma AUTO ne daidai, a kuma karkata bakin iskar ƙasa, don ɗumi sama yake gudu.

Sista Hadiza, Runjin Sambo:
Gwaggo, in ba ta yi, bargo da safa sun wadatar. Don Allah kada a shiga da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci take ɗauke shi. Haka janareto a baranda kusa da taga.

Hajiya Inno, Kanwuri:
Allah shi yi muku albarka.

Maman Sadiya, Arkilla:
Yaya Nasiru, na yi yadda ka ce, COOL, 26, fanka AUTO. Da farko ta yi ƙarfi, yanzu ta lafa, da ƙyar ake jin ƙararta. Saura maganar dare. Gadon Inna yana fuskantar esin ne kai tsaye, kuma ɗakin ba wurin juya shi.

Injiniya Nasiru, Mabera:
Ba sai an juya gado ba. Danna SWING, marfin bakin zai fara hawa da sauka, in ya kai can sama ki sake dannawa ya tsaya. Iskar za ta bi ta ƙarƙashin silin ta sauko da kanta, don iska mai sanyi ta fi nauyi. A cikin bakin kuma akwai wasu ƙananan fukafukai na tsaye, a yawancinsu da hannu ake turawa, ki kashe esin tukuna ki karkata su gefen da ba gado. In za ta kwanta ki danna SLEEP. A mafi yawan esi yana ɗaga lamba digiri ɗaya bayan awa ɗaya, ya ƙara ɗaya bayan awa ta biyu, ya kuma kwantar da fanka, daidai lokacin da jiki ya huce. Da haka ba za ta ce a kashe ba.

Abu ɗaya kuma ki gaya wa jikar: in an ɗauke wuta an dawo da ita, ko an kashe an kunna, za ta ga fanka na juyawa ba sanyi har wajen minti uku. Kwamfuresa ce ke jira matsin gas ya daidaita. Kada ta yi ta danne-danne.

Alhaji Bello Gawon Nama:
Tau Injiniya, ɗakin kwana na ji, zan gwada. Amma hwalo ran Juma'a, mutum goma sha suna zaune, ƙohwa ana buɗewa ana ruhewa, hwanka sama za ta zauna.

Injiniya Nasiru, Mabera:
A falon Juma'a ni ma sama zan sa Alhaji, kowane mutum zafi yake ƙara wa ɗaki, kuma falonka na da tsawo, sai fanka mai ƙarfi za ta kai iska ƙarshensa. Ka dai ɗaga lambar zuwa 24, in baƙi sun watse kwamfuresa ta samu ta huta.

Malam Sani mai gyaran firij, Sahara:
Hajiya Maman Sadiya, ki ɗaga murhin gaba da hannu biyu, filta biyu na nan suna zarewa ta ƙasa. Ruwa zalla ko da ɗan sabulu, ba ruwan zahi ba, a shanya cikin inuwa su bushe kahin a mai da. Da hunturu duk sati biyu, sauran lokaci wata ɗai ya isa. Na wajen kuma kar a jingina mai kaya ko a shanya tuhwahi bisa nai, bayanai na son iska.